Yadda ake barin abokan wasa su sa hannu a aikinka ba tare da turup ya watse ba

Shekarun baya an kai mu wani ƙauye can bayan Pitowa a arewacin Kamaru mu yi wasan faɗakarwa kan zuwan mata masu ciki awo asibiti. Ni na rubuta wasan, da Hausa zalla, na zuba karin magana son raina, sati uku muna repetisiyo, wato atisayen wasa, a tsakar gidan wani abokinmu a Garwa. Da muka sauka daga mota sai wata ƙanwarmu a turup, wato ƙungiyarmu ta wasa, ta zaga cikin matan da suka taru, ta dawo tace min, "Hamma, mutanen nan fa Fulatanci suke ji, Hausarsu ta cinikin kasuwa ce kawai, ka bari mu juya wasan." Nace mata a'a, abin da muka sha wahala a kansa sati uku baza a rushe shi a minti biyar ba. Wallahi ko minti goma bamu yi da farawa ba mata suka soma gyara goyo suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, muka ƙarasa wasan gaban yara da jawro, wato mai garin, da ya zauna don kunya. Abin ya min ciwo sosai don matan nan su aka zo dominsu. Washegari a ƙauye na biyu na sakar mata, ta fito a uwar miji da Fulatanci, ni na tsaya kan Hausata a matsayin baƙon ɗan kasuwa, sai rashin jin juna da ke tsakaninmu ya zama shine abin dariyar, kuma duk abin da na faɗa sai ta maimaita wa surukarta da yarensu, kaga saƙo ya shiga sau biyu kenan. Har magariba mata na tsaye suna tambaya.

Tun daga ranar nake lura da abin da ke sa ɗan wasa ya ƙanƙame aikinsa ya hana kowa taɓawa, da abin da ke sa ya saki jiki. Na gane yarda da abokin aiki shirya ta ake yi kamar yadda ake shirya sono, wato kayan sauti, kafin taro, waya bayan waya. Toh ga yadda muke yi, ko teyatir kake, wato wasan kwaikwayo, ko waƙa ko rawa, ko a Ngaundere kake ko Marwa ko Kusuri ko can Cadi tsallaken kogin Logon.

Mataki na 1, ka ware abin da bazai taɓu ba

Kafin ka kai aikinka gaban kowa, ɗauki biro da takarda ka rubuta abu uku kacal waɗanda in aka cire su aikin ya tashi daga naka. Uku fa, ba goma ba. A wancan wasan da na sani da na rubuta: matar sai ta je asibiti a ƙarshe, mijin ba mugu bane rashin sani ke damunsa, kuma baza a wulaƙanta ungozoma ba don gobe ma ita za a kira da tsakar dare. Shikenan ƙashin wasan. Yaren da za a yi, sunan gari, wa zai fara shigowa, tsawon waƙar buɗewa, duk wannan tsoka ce ana iya ragewa ana iya ƙarawa. Ranar repetisiyo ta farko ka karanta wa turup abu ukun nan ka ce musu ban da waɗannan komai a buɗe yake. Kai hankalinka ya kwanta tunda ka san inda baza a kai ba, su kuma sun san filin da aka basu. In ka ga ka kasa rage su zuwa uku to baka gama sanin aikin naka ba tukuna, ka ƙara kwana biyu a kai.

Mataki na 2, a gama maganar kuɗi da suna tun ba a fara ba

A nan zan daɗe don a nan ne yawancin turup ɗinmu suke mutuwa. Mutum bazai taɓa karɓar gyaranka da zuciya ɗaya ba in yana zargin ka karɓi dubu ɗari ka ce musu dubu sittin aka bayar. Zai ƙi shawararka kan yadda zai tsaya a dandali, kai kana ganin taurin kai ne, alhali kuɗin watan jiya ne ke cinsa a rai bai faɗa ba.

Abin da za ku yi, ku zauna duka har mai ɗaukar kaya, a faɗi nawa aka yi ciniki, in akwai takardar kwantiragi a miƙa ta hannu zuwa hannu kowa ya gani, wanda baya karanta Faransanci a fassara masa. A fara fitar da abin da ba na kowa ba, wato kuɗin mota ko moto, hayar sono, man gurup wato janareta, abinci da ruwa, sannan ɗan abin da za a jefa asusun turup. Abin da ya rage a raba kaso kaso bisa yadda aka amince, kuma a amince yau, ba ranar da kuɗi ya shigo hannu ba don ranar kowa idonsa ya rufe. In da Orange Money ko MoMo aka turo, wanda ya karɓa ya ɗauki hoton saƙon ya jefa a gurup ɗinku na WhatsApp a take. Mai riƙe asusu kuma kar ya zama shine shugaban turup, a samu mutum biyu daban. Mu wata Addarmu ce ke riƙewa, da littafinta, kuma duk wanda ya ce a buɗe masa ana buɗewa ba a ɗauka zargi ne.

Suna ma haka. Wa za a rubuta a afishi, wato takardar tallan wasa, wa zai ɗora bidiyon a Facebook ko TikTok ko YouTube, a shafin wa, kuma za a jera sunan mai kiɗa da wadda ta kawo amshi ko kuwa? Da yawa daga cikinmu suna ɓoye dabararsu mai kyau ne saboda sun taɓa bayarwa aka cinye ba a ko ambace su ba. Ku ajiye littafi guda, duk wanda ya kawo baiti ko fitowa aka karɓa a rubuta da kwanan wata. A Kamaru akwai dokar haƙƙin mallaka mai lamba 2000/011 ta 19 ga Disamba 2000, ta san da aikin da mutane da yawa suka haɗu suka yi, ta kuma san da haƙƙin mai yin wasan ko rera waƙar ko da ba shi ya rubuta ba. Ƙungiyar SOCILADRA ke kula da haƙƙin mallaka a ɓangaren rubutu da teyatir, SONACAM ke kula da na waƙa, a Cadi kuma BUTDRA ce. Ko baku kai ga zuwa can ba tukuna, wannan littafin naku shine shaidar farko.

Mataki na 3, a san wa ke yanke magana

Kowa na da bakin kawo shawara amma mutum ɗaya ne zai ce an tsaya a nan. Dubi makaɗan gargajiya namu, akwai mai waƙa a gaba, ga 'yan amshi, ga masu kalangu, ga sanƙira, kowa ya san wurinsa, amma duk da haka mai waƙar kunnensa na kan ganga, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Toh ku ma ku naɗa mai tsara wasa na wannan aikin, ba dole sai wanda ya rubuta ba, gaskiya ma ya fi kyau ya zama wani daban don marubuci yana son kowane layi kamar ɗansa. A aiki na gaba a bai wa wani. Wanda ya taɓa zama a kujerar yankewa ya ji nauyinta, in ya koma cikin 'yan wasa baya wahalar da na gaba.

Mataki na 4, a gwada kafin a yi gardama

Wannan ita ce dokar da ta fi kowace yi mana amfani. In wani ya ce "da za a yi kaza fa", ba mai cewa bazai yi ba, tashi ake yi a gwada nan take, sau biyu. Sau biyu saboda karon farko jiki bai saba ba komai kyawun abu zai fito a karkace, kuma akwai masu gwadawa da gangan a lalace don su nuna ai na faɗa muku, wannan cin amana ne, in zaka gwada ka gwada da dukkan ƙarfinka kamar dabararka ce. A jingina waya a kan kujera a ɗauki tsohon salo a ɗauki sabon, sannan a zauna a kalla tare. Sau tari gardamar da za ta ci awa guda bidiyon minti biyu ya kashe ta, don abin da kake ji a jikinka lokacin da kake wasa daban yake da abin da mai kallo ke gani. Ni na sha rantsewa cewa wani dogon jawabina shine ke riƙe da wasa, da na kalla sai naga abokan wasana tsaye kamar an dasa su ba abin da suke yi, aka raba jawabin gida uku aka ba kowa nasa sai wurin ya tashi.

In an kalla har yanzu ra'ayi ya rabu, a kira mutum biyu daga waje waɗanda suka yi kama da masu kallonku na gaske, mai shayin bakin layi, ko Inna mai ƙosai, ko 'yan lise wato sakandare in wasan na ranar matasa ne 11 ga Fabrairu. Kar ku tambaye su wanne ya fi kyau don za su ce duka sun yi, ku ce su ba ku labarin abin da suka gani. Inda labarinsu ya kauce daga naku nan ne gyara yake. Daga nan mai tsara wasa ya yanke, kuma wanda aka ƙi dabararsa a rubuta ta a littafi, wata ran za ta yi amfani a wani wasan.

Masu waƙa ga wani abu naku na musamman. Hausa yare ne mai karin sauti, kalma tana da hawa da sauka, kuma kalangu bin wannan hawa da saukar yake yi, mai kiɗa na matse tsirkiya a hammata sauti ya hau ya sassauta ya sauka. Don haka in ka canza kalma ɗaya a baiti ka canza wa mai kalangu hanya, dole ka gaya masa, kar ya ji ta a gaban jama'a. Fulatanci kuma bashi da irin wannan karin sautin, tsawon gaɓa da inda ake dannawa ne ke aiki, shi ya sa in aka juya amshi daga Hausa zuwa Fulatanci sai kaji ya ƙi zama a kan kiɗan. Kar ka fassara kalma da kalma, ka ba wanda ya tashi da yaren ma'anar kawai da kiɗan, ka bar shi ya gina nasa amshin. Zai fito da abin da kai baka isa ka fito da shi ba, kuma in mai kiɗa yace maka wannan kalmar bata hau ba, ka yarda da shi, hannunsa ya riga kunnenka ji.

Mataki na 5, a koya wa jiki yarda

Minti 15 na farkon kowace repetisiyo ku ba wannan. Na ɗaya, a ɗaure wa mutum ido da ɗankwali, abokinsa ya zaga da shi cikin fili tsakanin kujeru da murya kawai ba taɓawa, sannan a juya. Maza da maza, mata da mata in haka ya fi wa kowa sauƙi, kar a takura kowa. Na biyu, musayar matsayi, kowa ya ɗauki fitowar wani ya yi ta yadda ya ga dama, zaka ga naka a jikin wani ka tsinci abin da baka taɓa tunani ba, kuma ranar da zazzaɓi ya kwantar da wani akwai mai maye gurbinsa. Na uku muna ce masa karɓa ka ƙara, mutum biyu su shiga fili ba rubutu, duk abin da ɗaya ya faɗa ɗayan bazai musa ba sai dai ya ɗora. In yace maka "Kawu, akuyarka ta shiga masallaci", baka da damar cewa ai bani da akuya, sai dai kace "wace daga ciki, mai cikin ko gurguwar?" Kwana kaɗan zaka gane su waye ke saurin toshe wa abokin wasa hanya, kuma su ma za su gane kansu ba sai an faɗa musu ba.

Mataki na 6, yadda ake ba da gyara da yadda ake karɓa

Mu nan akwai kunya akwai girman na gaba, kuma abu ne mai kyau, amma in ba a yi dabara ba sai ya zama yaro yaga kuskure ƙarara ya yi shiru don mai kuskuren Baba ne ko Hamma. Yadda muke yi, in an zo zagayen gyara daga ƙarami ake farawa a ƙare da babba, don in babba ya riga ya yi magana ba mai iya saɓa masa. Mata ma a basu baki da wuri, da yawa a turup sai an fita waje suke faɗin abin da suka gani a tsakaninsu, alhali shine gyaran da ake nema.

Mai ba da gyara ya faɗi abin da ya gani da inda ya gani, kamar "lokacin da kika juya baya ban ji ƙarshen maganar ba", kar yace "ke dai baki iya fitar da murya ba". Na farko ana iya gyara shi yau, na biyu zagi ne. In gyaran babba ne kuma ya shafi dattijo, a ja shi gefe, "Baba, da za a ɗan rage nan ya kake gani", ba a gaban yara ba. Mai karɓa kuma aikinsa ɗaya, yace na ji, ya rubuta. Kar ka fara bayanin dalilin da ya sa ka yi haka, ranar wasa ai baza ka bi masu kallo ɗaya ɗaya kana musu bayani ba. In abin ya sosa maka rai ka kwana da shi, in da safe har yanzu kana ganin ba daidai bane ka samu mai tsara wasa ku biyu. Kuma don Allah kar a yi gyara a gurup na WhatsApp, rubutu bashi da fuska, saƙon murya kuma ana turawa gaba, mun taɓa rasa mai kiɗa mai kyau saboda saƙo ɗaya da aka tura da dare cikin fushi.

Mataki na 7, a yi repetisiyon ranar da komai ya lalace

Duk wanda ya yi wasa a arewa ya san abin da aka shirya da abin da ake tararwa basu cika haɗuwa ba. Kuran, wato wutar lantarki, zai ɗauke ana tsakiyar waƙa. Manyan baƙi za su makara awa biyu sannan a ce muku minti 40 ɗinku ya koma 15, musamman a bukukuwa irin na ranar ƙasa 20 ga Mayu ko ranar mata 8 ga Maris da jawabai ke da yawa. Za a kira sallah kuna tsaka da fitowa. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa na wuce digiri 40, wasan da aka sa ƙarfe biyu na rana dole a rage masa tsalle tsalle. Da damina fatar ganga na saki sauti ya faɗi sai an shanya ta ko an gasa ta a gefen wuta, da hunturu kuma ta ɗame ta ƙara tsini, mai waƙa dole ya bi inda kayan kiɗa suka tsaya ranar.

Toh kar ku jira ranar. Ku ware repetisiyo guda ɗaya cur don wannan. Ku shirya wasan tsawo uku, cikakke, rabi, da na minti 10, kowa ya san fitowar da ake tsallakewa. Mai tsara wasa ya kashe sono ba sanarwa ku ci gaba da murya da tafi. Ya cire mutum ɗaya yace wane bai zo ba motarsa ta lalace a hanyar Figil, ku nemi mafita a take. Ku tsayar da alamu guda uku ko huɗu da mai kallo bazai gane ba, misali taɓa hula na nufin na manta layina ka cece ni, mai kalangu ya yi wani ɗan salo na nufin a taƙaita, tafa hannu sau biyu na nufin a koma amshi. In abokinka ya manta, kar ka raɗa masa layin, jefa masa tambaya a cikin wasan da za ta dawo da shi, "ba kace daga asibiti kake ba?" In an kira sallah a tsaya kawai, a san wurin da za a ɗora bayan an idar, masu kallo sun fi girmama ku a haka.

Mai sono shima ɗan turup ne a ranar ko da hayarsa aka yi. Ku je da wuri ku gaisa da shi, a bashi takarda mai jerin fitowa da inda ake son mikro da inda ake son shiru, in yace bafal ɗin nan, wato lasifika, in aka matso da shi zai yi kuka to ku matsa, ya fi ku sanin kayansa.

Masu kallo ma suna sauya wasa. Akwai salon da wani ɗan Burazil, Augusto Boal, ya yaɗa tun shekarun 1970, inda ake tsayar da wasa a kira wani daga cikin jama'a ya shigo ya karɓi matsayin wanda aka zalunta ya gwada tasa mafitar, ƙungiyoyin faɗakarwa da yawa na neman irinsa a wurinmu. A irin wannan baka san me tsohuwar da ta shigo fili za ta faɗa ba, abin da ke riƙe ka kawai shine ka san halin mutumin da kake fitowa a matsayinsa sosai, kuma ka san abokanka baza su bar ka kai kaɗai ba. Wanda bai yi atisayen karɓa ka ƙara ba a nan yake daskarewa.

Mataki na 8, a rufe ƙofa

Kwana uku kafin wasa an daina kawo sabon abu, sai dai abin da dole ta kawo. Mai son canji kullum har daren wasa shima yana cutar da mutane, musamman sababbi da masu haddar layi da ƙyar.

Mataki na 9, sabon abokin aiki

In za ka haɗu da wanda baka sani ba, misali an gayyace ka ka tsallaka gadar Ngeli daga Kusuri zuwa Injamena ka yi aiki da 'yan can, ko wani mai situdiyo a Marwa yace zai sa wa waƙarka kiɗan piyano, kar ka fara da babban aikinka. Ku yi ƙarami tukuna, waƙa ɗaya ko fitowar minti biyar, ka lura da abu uku, yana zuwa kan lokaci, yana faɗin gaskiyar kuɗi, kuma in ka kawo gyara fuskarsa na canzawa ko a'a. Ka tambayi waɗanda suka taɓa aiki da shi, garuruwan namu ƙanana ne labari baya ɓuya. A Injamena kuma ka sa a ranka Larabcin Cadi ne yaren titi, abin da ke ba mutane dariya a Hausar Garwa ba lallai ya yi aiki a can ba, ka bar 'yan gari su ja ka a wannan. Kuɗinmu ɗaya ne sefa ba wahalar canji, amma duk da haka a rubuta a takarda ko a saƙo, nawa, yaushe, wa ke biyan mota da masauki.

Mataki na 10, inda ake cewa a'a

Sakin jiki na da iyaka. In an ce ka yi abin da ya saɓa wa addininka, ko fitowar da za ta zubar wa 'yar wasa mutunci a unguwarsu bayan an tashi, ko barkwancin da ke muzanta wata ƙabila, mu da muke zaune Bahaushe da Bafulatani da Kanuri da Shuwa da Tupuri da Mundang a layi ɗaya, ka ƙi, kuma ka faɗi dalili tun a repetisiyo, ba ranar wasa ba. Wasan tsakanin ƙabilu da aka gada akwai shi kuma yana da daɗi, amma 'yan ƙabilar ne za su gaya maka inda ya tsaya. In mace tace wannan fitowar bazan iya ba mijina ko babana na cikin masu kallo, a sake tsara fitowar, kar a ce ta cika ƙauyanci.

Wanda kuma ya ci amana, ya ɓoye kuɗi ko ya ɗora aikin turup da sunansa shi kaɗai, a zauna da shi gaban mutum biyu da kowa ke jin nauyinsu, a faɗa masa, a bashi damar gyarawa sau ɗaya. In ya sake a rabu lafiya ba tone tone a Facebook, a cire hannunsa daga asusu da shafin turup ranar.

Mataki na 11, zaman bayan wasa

Kar a yi shi a daren, kowa ya gaji kuma jini na tafasa, wanda aka yi wa tafi yana sama wanda ya yi kuskure yana ƙasa. A daren a raba kuɗi kawai kamar yadda aka amince, a tattara kaya, a tabbatar matan turup sun samu moto sun isa gida. Bayan kwana biyu a haɗu a dafa shayi a kalli bidiyon daga farko har ƙarshe ba tsayarwa, sannan kowa ya faɗi abu biyu, wuri ɗaya da wani ya cece shi a fili, ya ambaci sunansa, da wuri ɗaya da yake son a sake gwadawa. Na farkon nan kar ku tsallake shi, da yawa basu san an lura da abin da suka yi ba, mai kalangun da ya ja kiɗa ya rufe maka lokacin da muryarka ta sarƙe yana son ya ji ka faɗa da bakinka. Daga ƙarami ake farawa nan ma. Mai littafi ya rubuta duk abin da aka ce a sake gwadawa, a ɗauko takardar nan ta abu uku a duba ko har yanzu suna nan ko ɗaya ya sauya, in ya sauya a goge a rubuta sabon a gaban kowa, sannan a sa ranar repetisiyo ta gaba kafin a tashi.